Gonar Iliyasu a Bakin Bahar Maliya

Tun da na dawo ban huta ba. A asibiti ina tsakiyar awon ciki sai wata ta leƙo ta ce, "Hajiya Rakiya, wai da gaske har bakin teku kika je neman gona?" Gidan biki haka, gidan suna haka. Wasu ma sun riga sun yanke cewa gado na je karɓowa, har da mai rantsuwa ta ga an shigo mini da akwatin zinari. To ga labarin nan na rubuta, mai tambaya ta karanta, bakina ya sarara.

Gonar ta kakana ce, mahaifin Inna. Sunansa Iliyasu, Bakatsine ne da ya tafi Hajji a ƙasa shi da matarsa, bai dawo ba. Can bakin Bahar Maliya, tsakanin Jidda da Madina, ya sami wuri ya dasa dabino, kuma can aka haifi Inna. Ba ta gama famfara ba mahaifiyarta ta rasu, shi kuwa ya danƙa ta ga ƙanwarsa da ke komawa gida. Abin da Inna ta riƙe na ranar rabuwar shi ne bai ɗauke ta ba, bai ko dafa kanta ba. Ya tsaya daga nesa, ya rufe bakinsa da rawani, jirgin ruwa bai ɗaga ba ya juya ya nufi gona. Bayan shekaru, har ta yi aure ta haife ni, wani alhaji na unguwarmu ya dawo ya ce ya ci dabino a gonar Iliyasu, kyauta aka ba shi, gona ta yi kyau. "Ashe yana nan yana raba wa baƙi dabino," in ji Inna, "'yarsa kuwa ko sallama." Daga ranar ta daina ambatonsa.

Na girma ina jin tana yi wa mahaifiyarta addu'a, ban taɓa jin ta ce Allah ya jiƙansa ba. Bara hawan jini ya kwantar da ita, ni kuma aikin asibiti nake yi, na san abin da idona ke gani. Tsoro ya kama ni kada ta je gaban Allah tana fushi da ubanta. Da autanmu Sani, mai karatu a jami'ar Musulunci ta Madina, ya zo gida zai koma, na ce ƙafata ƙafarsa, zan yi Umra. Inna ta dube ni ta ce, "In kin je ki yi ibadarki, kada ki tono mini abin da na binne." Na ce to, amma a raina na riga na gama shawara.

A filin jirgin Kano mun yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura. Muna sauka Jidda zafi ya tare mu, irin mai ɗanko, kamar an rufa maka bargon da aka tsoma a ruwan zafi. Wajen binciken kaya ma'aikaci ya kwance ƙullin daddawar da na riƙo wa matar Sani, ya ja da baya, ya ɗaga ta da yatsu biyu yana kiran ɗan'uwansa ya zo ya gani. Sani ya shiga bayani da Larabcin littafi, mutumin yana ƙara toshe hanci. Sai wani baƙin mutum mai tura kaya ya yi musu magana biyu, suka yi dariya suka mayar mini. Da muka fito ya rage murya ya ce, "Hajja, ta kalwa ce? Ummi tana sonta kasir, sosai." Na ba shi guda uku. Shi ne na farko da na gani cikin 'yan'uwanmu haihuwar can, waɗanda ake kira Takari.

Na Makka ba zan tsaya faɗa ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kira shi. Daga nan muka hau babbar tasi zuwa Madina, ta hanyar da ke bin bakin teku. Duk inda na hango tarin dabino sai na zunguri Sani in ce ya tambayi direba. A Mastura aka tsaya cin kifi, soyayye da shinkafa, a kan wasu dogayen gadaje na igiya da sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka hau. Na sa Sani ya tambayi mai kifin ko ya san gonar wani Iliyasu. Mutumin ya nuna kudu da ludayi, ya sake nuna arewa, ya koma kan kaskonsa.

"Yaya, kin gani ko?" in ji Sani. "Bakin tekun nan tafiyar kwana da kwanaki ne. Allura ce kike nema cikin rairayi."

"Mai nema yana tare da samu," na ce. "Ci kifinka."

A Madina ɗaki biyu Sani ke haya a unguwar Aziziyya, shi da matarsa Hafsatu. Da safe wake ne dakakke da mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi da suke kira tamis, kullum shi ke nan, har na fara mafarkin koko da ƙosai. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙofofi. Mu a gida ka yi sallama ka shige har tsakar gida, a can kuwa kowace ƙofa a garƙame, maƙwabciyarki sai ki yi mako ba ki ga ƙeyarta ba. Ana kiran salla kowane kanti ya rufe, wannan kam ya burge ni. Ranar da Hafsatu ta kaɗa miyar kuka da daddawar nan sai da ta yi ƙwalla.

Ita Hafsatun ce ta ba ni dabara. Ta ce in bar maza da littattafansu, in tambayi matan nan namu da ke zama da 'yan farantai a hanyar Harami suna sayar da gyaɗa da hatsin tantabaru. Kullum in na fito daga ziyara sai in tsuguna wajensu. Wata 'yar Damagaram ce, wata daga Chadi iyayenta suka zo, wata Hausarta ta Sudan ce, sai na kasa kunne sosai. Kowacce ta aika ni wajen wata. An kai ni gidan wani Iliyasu tela, an kai ni gidan wani Iliyasu da ya rasu bara, ba ko ɗaya da ya taɓa riƙe fartanya. Daga ƙarshe 'yar Damagaram ɗin ta ce, "Ki tai unguwar Bani Harisa ki biɗi Hajja Zainabu. Ita a sahil ta tashi, bakin ruwa."

Jikarta ce ta buɗe mana ƙofa, budurwa, ina yi mata Hausa tana jin komai tana mayar mini da Larabci. Aka zaunar da ni, ta kawo gahawa mai ɗaci a ɗan finjali. Na shanye don kada in yi rashin kunya, ta ƙara. Na shanye, ta ƙara. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar ganga Hafsatu ta raɗa mini cewa girgiza finjalin ake yi in an ƙoshi, in ba haka ba har magariba za a yi ta zubawa.

Hajja Zainabu tsohuwa ce tukuf, idanunta sun yi fari. Ta laluba hannuna ta ce, "Ke bintin wa?"

"Jikar Iliyasu ce ni, Hajja. Wanda ya yi gona a bakin teku."

Hannunta ya ƙara matse nawa. "Ilyas na bilad? La ilaha illallah. Hauwa tana da rai?"

Sunan Inna ke nan, wanda bakina ba ya faɗa. Ga shi na ji shi a bakin baƙuwa, a wata ƙasa. Na ce tana nan, tana Katsina, da 'ya'ya da jikoki. Tsohuwar ta yi ta hamdala, ta ce tare suka yi wasan ƙasa, ita ce babba, ita ke goya ta.

Daga bakinta na ji tarihin gonar, wadda su suke kira bilad. Filin na wani Balarabe ne na wannan kwarin. Al'adarsu, wanda ya dasa dabino a filin wani ya shayar da shi har ya haihu, rabi nasa ne. Kakana shi ya haƙa rijiya, ya ɗaga gaɓar ƙasa don tare ruwan kwari, ya dasa. Mahaifin Hajja Zainabu, Hamidu, abokin tafiyarsa ne tun daga gida, yana taya shi. Sai tari ya kama kakata, irin mai sa aman jini, ya tafi da ita. Ba a daɗe ba shi ma ya fara.

"Ranar da za a sa Hauwa a jirgi ina wurin," in ji ta. "Abuya, mahaifina, ya ce, Ilyas, ɗauki yarinyarka mana, ka sallame ta. Ya ce la, abin da ya ci uwar ba zai ci 'yar ta hannuna ba. Ya naɗe bakinsa. Da ya juya, wallah bai kai bilad ba, bayan wani kwalekwale ya zauna yana kuka kamar mace. Bai ga zafi biyu ba bayan nan ya rasu, 'yata. Dabinon da ya dasa ko ɗaya bai ɗanɗana ba."

Na ce to yaya aka yi alhajin unguwarmu ya ci dabino a gonar Iliyasu, bayan shekara da shekaru?

"Nan bilad ba ta sake suna. Wanda ya dasa shi ke da suna, ko an sayar sau nawa."

Ni da nake ganin masu tarin fuka kullum, ni da nake hana uwa sumbatar jaririnta in tana da shi, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na yi kuka har jikar ta kawo mini ruwa. Sannan Hajja Zainabu ta ƙara da cewa akwai dabino guda da ya dasa inda aka binne cibiyar Inna, ya bar wasiyya cewa 'ya'yansa nata ne, ba a sayarwa, ba a ci. Mahaifinta ya riƙe wasiyyar har ya tsufa. Da rijiya ta fara zartsi, yara kuma suka gudo birni, ya sayar wa wani Balarabe mai suna Awwad, da wannan sharaɗin. Ko ya riƙe, ta ce Allah ne masani.

Sani ya ce alhamdu lillahi, an sami abin da ake nema, sai in koma in faɗa wa Inna. Na ce bai san uwarsa ba. Inna ba ta karɓar "an ce". Za ta ce wata tsohuwa ce ta ga na yi doguwar tafiya ta lallashe ni. Sai na taka gonar da ƙafata.

A kasuwar dabino aka ce mana Awwad ya koma Khaibar wajen surukansa. Muka kama hanya. Garin baƙaƙen duwatsu ne da dabino ba iyaka, ga sauro da rana tsaka. A gidan aka raba mu, Sani ɗakin maza, ni bayan wata ƙofa da aka ɗan sassauta, sai dai in ɗaga murya. Na ce ya tambaye shi ko ya ci amanar dabinon. Na ji Sani yana ta kewaye-kewaye da addu'o'i.

"Ba haka na ce ba," na ce. "Faɗa masa yadda na faɗa."

Da ya faɗa, sai na ji tsohon ya buga sanda a ƙasa, ya yi ta zuba kamar ruwan sama. Sani ya ce yana rantsuwa ko a shekarar fari, yaransa na kuka, bai ba su ko ƙwaya ba. Kowace shekara yakan sare nonnan dabinon ya shanya daban. In lokacin alhazai ya yi, ya ɗauka ya je bakin hanya, ya tare baƙaƙen fata ya tambaye su, "Kun san Hawwa?" Duk wanda ya ce ya sani, sai ya ba shi ya kai mata. Kuma, in ji shi, bai taɓa samun wanda ya ce bai san ta ba.

Dariya ta ƙwace mini a bayan ƙofa, ga hawaye. Bawan Allah, ya ɗauka ƙasar Hausa ƙauye guda ce! A layinmu kaɗai Hauwa nawa ne? Wa zai ga dabino kyauta ya ce bai san Hauwa ba? Alhajin unguwarmu ma, da ba ya jin Larabci, sunan gonar kawai ya tsinta, ya cinye abinsa a hanya. Awwad ya ce da ƙarfinsa ya ƙare ya sayar wa wani masunci mai suna Salim, shi ma da sharaɗin, ya kuma kwatanta mana bakin kwarin. Ashe ba nisa da inda muka ci kifi.

A nan muka yi ta da Sani. Ya ce ga jarrabawa ta matso, ga kwanakin bizata sun kusa cika, ga hanyar ba kwalta. Na ce ko a jaki sai na je, in ya bar ni in tafi ba muharrami shi zai amsa a gaban malamansa. Ya dafe kai ya ce, "Yaya, taurin kan Inna kaf ke kika kwashe." Washegari ya samo wani Batakare mai a-kori-kura.

Bayan mun bar kwalta motar ta kafe a rairayi. Malam Sani da farar jallabiyarsa ya sauka turi, ni ma na ɗaure mayafi a ƙugu na sa hannu, direba na ta ihu, "Yalla, Hajja, ƙara shuwayya, kaɗan!" Muka isa duk mun yi buɗu-buɗu.

Gaskiya da na ga gonar sai da gabana ya faɗi. A raina na gina ta kamar lambun sarki. Ashe ba ta fi gonar bayan gidanmu ba, rabinta kankana ce kwance a ƙasa, sai 'yan itatuwan dabino a gefe, ƙasar ta yi fari-fari da gishiri. Ga teku can ana hangowa. Salim, wani siririn dattijo, ya fito daga rumfa yana kare rana da hannu. Da ya ga kalarmu, kafin Sani ya gama sallama, ya koma ciki ya fito da ɗan buhu, ya dube ni ya yi tambayar. Wannan ban jira fassara ba.

Na ce da Sani, "Gaya masa na san ta. Ita ta haife ni."

Dattijon ya saba jin rabin farko, bai taɓa jin na biyu ba. Ya sa aka maimaita masa, ya tambayi sunan ubanta, ya tambayi wanda ya aiko mu. Da ya ji sunan Awwad da na Hajja Zainabu sai ya zauna a ƙasa, buhun a cinyarsa. Ya ce shi a zatonsa Hawwa ta daɗe da mutuwa, ko ma ba a taɓa yin ta ba, yana bayarwa ne kawai don haka ya karɓi gonar.

Ya kai mu wurin. Uwar dabinon ta faɗi shekarar wata ambaliya, kututturen ne kawai ya rage. Amma kafin ta faɗi ya cire 'yarta daga gindi ya dasa a gefe, ita ce yanzu ke haihuwa. Na dafa ta. Daga nan ya nuna mana maƙabarta a bayan gaɓar ƙasa, duwatsu ne jere ba suna ba alama, ba wanda ya san wanne ne na kakana da kakata. Sani ya yi wa dukkansu addu'a, shi da ya ce a bari.

Matar Salim ta yanka mana kankana, suna ce mata habhab. Da za mu tafi ya miƙa mini buhun da hannu biyu, ya ce yana da tambaya. Tun da mai abu ta bayyana, yaya zai yi da na baɗi? Ba shi da hanyar aikawa Katsina, kuma ba zai ci ba. A tambayo ta, abin da ta ce shi zai yi.

Na sami Inna ta ƙara ramewa, amma hankalinta garau. Na bari masu sannu da zuwa suka watse, bayan la'asar na zauna a bakin gadonta na ce na yi laifi, na tono. Ta juya fuska bango. Na faɗa mata duka, tun daga tarin har kwalekwalen da ya ɓuya a bayansa, har su Awwad da Salim. Da na ambaci Zainabu ne kawai ta ce, "Mai tabo a goshi?" Na ce ita.

Na jiƙa mata dabino guda a ruwan ɗumi don ba haƙora. Ta daɗe tana mamula. "Bai ma da zaƙi sosai," in ji ta, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Can ta ce, "Da rawanin ya rufe baki. Na ɗauka warina yake ji."

Na ce mai gonar yana jiran amsa, yaya za a yi da na baɗi. Ta goge fuska da gefen zane, ta sa na tayar da ita zaune.

"Ki aika wa Auta ya je ya same shi," ta ce. "Ya ci gaba da ba baƙi. Amma ya daina tambayar Hauwa, an gan ta. Duk wanda ya ba, ya ce ya yi wa Baba addu'a."